Kwalbar da Bappa Ya Tsinta a Jirgin Naushad

Shekara biyu da wata huɗu mahaifina yana cewa a'a, ni kuma ina cewa to, in shige ɗaki in yi kukana in share hawaye.

A tsibirinmu na Kurafushi babu wanda bai san mahaifina ba, wanda nake kira Bappa kamar yadda muke kiran uba a nan. Shekara talatin yana shugabantar jirgin kamun kifi kafin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ba ya ɗaga murya, kuma in ya faɗi magana sau ɗaya ba ya maimaita ta.

Abin da ya faɗa a kan Naushad shi ne, "Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ke cin abinci da tsiraicin baƙi ba."

Naushad yana da masaukin baƙi mai ɗaki biyar a gabashin gari, da ƙaramin jirgi mai inji da yake kai 'yan yawon buɗe ido kallon kifaye. Ba ya miƙa wa baƙo makulli sai ya zaunar da shi a tsakar gida, ya ba shi ruwan kwakwa, ya karanta masa takardar dokokinmu. Ni na rubuta masa ita da Turanci, tunda shi nake koyarwa a makarantar gari.

Ba a shigo da giya tsibirin da mutane ke zaune. Kayan wanka sai a bayan shingen ganyen kwakwa da aka keɓe wa baƙi a bakin teku, in za a shigo gari kuma a rufe kafaɗa da gwiwa. Ba rungume-rungume a kan hanya. In an kira salla kantuna za su rufe, a yi haƙuri a jira. Kar a ɗauki hoton mace ba a tambaye ta ba.

Na taɓa nuna wa Bappa takardar. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo min.

"Rubutunki yana da kyau, Shiuna. Amma makon jiya da idona mai ciwo na ga wata da ɗan kamfai a ƙofar masallaci."

"Ba baƙuwarsa ba ce, Bappa."

"Duk jirgi ɗaya ya kawo su."

Wanda Bappa yake so kowa ya sani. Imtiyaz ne, ɗan amininsa, sajan a ofishin 'yan sandan tsibirinmu. Ban taɓa samun abin da zan kushe shi da shi ba, kuma wannan ya fi komai wahalar da ni. Sahun farko yake salla, yana gaida mahaifiyata Mamma har ƙasa, bai taɓa faɗa min magana marar daɗi ba. Zuciyata ce kawai ba ta wurinsa. Na gaya masa haka tun farko, ya ce zai jira.

Bappa bai taɓa cewa dole in aure shi ba. Cewa yake, "Ki zauna har ki gaji. Amma wancan kam, a'a."

Mamma ce ta samo ƙofar. Likitan ido zai zo babban asibitin yankinmu ranar Alhamis kaɗai, kuma ranar jirgin fito ba ya bin can. Kwana uku tana yi wa Bappa magana a hankali a kan ya bar Naushad ya kai shi, tana zuba masa shayi, tana ajiye magana tana ɗauka. Ranar Laraba da yamma ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "In babu baƙo ko ɗaya a jirgin nasa, zan hau."

Na yi sujada a ɗakina. Na ce shi ke nan, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, su biyu a kan ruwa, Bappa zai ga irin mutumin da yake ƙi.

Da safen Alhamis na rako shi tasha. Naushad ya wanke jirgin tas, ya sa farar riga mai dogon hannu, har gumi yake tun rana ba ta ɗaga ba. Tashar cike take da mutane, masu saukar da kifi da matan da suka zo saye.

"Barka da asuba, Keyolu," ya ce, yana kiran Bappa da sunan girmamawar da masunta ke kiransa.

"Injin naka yana da mai?"

"Na cika shi."

"Rigunan ceto fa? Ko ku na zamani ba ku san su ba?"

"Suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin benci. Bari in ɗauko maka."

"Ina da hannu."

Bappa ya durƙusa ya buɗe akwatin. Ya ciro riga ɗaya, ya ciro ta biyu. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya ɗago wani abu naɗe da tawul, ya warware, ya kai shi kusa da idonsa mai ɗan gani.

Kwalbar giya ce koriya, an sha kusan rabi, an mayar da murfin.

Ban san lokacin da tashar ta yi tsit ba. Na dai ji ƙarar ruwa yana dukan gefen jirgi.

Bappa ya sunsuna bakin kwalbar, ya ajiye ta a kan benci kamar wanda ya taɓa mushe. Ya goge hannunsa a zanensa. Bai kalli Naushad ba, ni ya kalla.

"Mu je gida."

"Keyolu, wallahi ban san da ita ba," in ji Naushad. "Ban taɓa ganinta ba."

Bappa ya hau tasha ba tare da ya yarda an kama masa hannu ba. Kafin mu kai kwanar makaranta na waiga, na hango Imtiyaz cikin kayan aiki yana saukowa tashar. Wani ya riga ya kira shi. Daga nan ofis ya wuce da Naushad.

Kafin azahar magana ta zaga gari sau uku, kuma kowane zagaye tana ƙara kiba. Kwalba ɗaya ta zama katan. Wai dama a ɓoye yake sayar wa baƙi, wai har samarin gari yana ba. Wai majalisar tsibiri za ta rufe masaukin. Ga ɗan ƙasa, a kama shi da giya ba ƙaramin abu ba ne, maganar kotu ce da kurkuku, kuma ko ya fito sunan ba ya fita.

Mahaifiyar Imtiyaz ba ta jira rana ta faɗi ba. Ta shigo da kwanon kifi soyayye, ta zauna kusa da Mamma a kan lilon tsakar gida.

"Allah ya rufa asiri, Mariyam. Ki duba da an ɗaura auren, yau ina za ku sa kanku?"

Mamma ta ce, "Uhm."

"Ni dama ban ce komai ba, don kar a ce son kai. Amma yarinya shekara ashirin da shida, ga mai sonta yana zaune yana jira kamar maraya. Shiuna, zo nan 'yata. Ki share hawayen nan, Allah ne ya so ki."

Na zo na durƙusa na gaishe ta. Na kira ta yadda muke kiran babbar mace, na ce, "Datta, kwalbar ba tasa ba ce."

"A jirgin wa aka gani?"

Na juya wurin Bappa da ke kishingiɗe a kujerar igiya a gindin bishiya, ya rufe ido da hannu.

"Bappa, ka bar ni in je in gan shi. Sau ɗaya. In ya kalle ni ya ce tasa ce, na rantse ba za ka sake jin sunansa a bakina ba."

Ya sauke hannun daga idonsa.

"Ki tafi da uwarki. Kar la'asar ta same ku a can."

Ofishin 'yan sandanmu ɗaki uku ne. Imtiyaz ya miƙe da ya ga Mamma, ya ba ta kujerarsa. Kwalbar tana kan teburinsa cikin leda. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ya buɗe ƙofar ɗakin ciki ya bar ta a buɗe, ya koma bakin taga ya tsaya.

Naushad yana zaune a kan benci, farar rigar nan ta yamutse. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

"Ka ɗago ka kalle ni," na ce. "Taka ce?"

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

Ya kawar da kai.

"Naushad, tambayarka nake."

"Da safe ban sani ba," ya ce a hankali. "Jiya mutum shida na kai tsibirin otal, inda aka yarda baƙi su sha, suka yi wuni, ina zan san wanda ya yi? Amma ɗazu Sajan ya nuna min jikin kwalbar. An yi rubutu da biro. Suna ne, da lamba arba'in da ɗaya."

"Sunan wa?"

Ya sake kawar da kai, sai na gane ya sani.

"Ka san mai ita ke nan. Ka sani kake zaune a nan?"

"Shiuna, ki saurare ni. Tsoho ne. Ya haura saba'in, yana shan maganin zuciya sau uku a rana, ni nake tuna masa. Matarsa ta rasu bara, sunanta ne a jikin kwalbar. A ƙasar nan suka yi hutun amarcinsu, jiya da sun cika shekara arba'in da ɗaya da aure. Kwana shida yana gidana, kullum kofi biyu yake sa a kawo masa, ɗaya ya sha ɗaya ya bar shi ya huce. Ya tafi Male, babban birni, da jirgin safe, gobe zai hau jirgin sama. In na faɗi sunansa za a tare shi a filin jirgi a gaban mutane. Ba ki ga yadda hannunsa ke rawa ba."

"Ni fa? Ka ga yadda nawa ke rawa?"

Na miƙa masa hannayena. Hawaye ya riga ya wanke min fuska, ban damu da Mamma na ji ba, ban damu da Imtiyaz na ji ba.

"Shekara biyu ina cin abinci da mahaifina ba ya kallon idona. Ƙawayena duk sun yi aure, wasu da goyo. An ce min mahaukaciya, an ce min marar kunya, na haɗiye. Yau ɗaya da ya yarda ya taka jirginka, yau ɗaya, sai ka zaɓi baƙon kwana shida a kaina?"

"Ba a kanki ba ne."

"To a kan wa? Wa za a nuna da baki a gari? Wa za a ce ta so mai sayar da giya?"

"Ki bari ya tashi gobe. In ya isa gida lafiya zan faɗi komai."

"In ya isa gida wa zai yarda da kai? Za a ce ka jira ya tafi ne ka ɗora masa. Ka fi ni sanin haka."

Idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Na sani. Amma a gidana ya kwana, abincin mahaifiyata ya ci. Ba zan iya ba, Shiuna. Ki yafe min, ba zan iya ba."

Na tsaya ina kallonsa, ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, ina kuma jin ban taɓa sonsa kamar lokacin ba. Mamma ce ta zo ta kama kafaɗata ta fito da ni.

A bakin ƙofa na tsaya gaban Imtiyaz. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kar ki ce komai. In kika faɗa, dole in rubuta cewa ke kika faɗa, kuma Naushad ba zai ji daɗi ba. Ku je gida, an kusa kiran salla."

Ranar Juma'a gari ya tashi shiru kamar kullum, ba jirgin fito, ba kanti a buɗe. Na taya Mamma murza roshi, gurasarmu ta fulawa, na ƙona uku. Bappa ya yi wanka ya sa farin zanensa ya tafi masallaci.

Ana cikin huɗuba muka ji ƙarar inji daga teku. Mamma ta ce, "Wane ne wannan da tafiya a lokacin salla?" Na leƙa ta katanga. Jirgin haya ne mai gudu, irin na Male, ya tsaya a tasha. Mutum ɗaya ya sauko, dogo, farin gashi, yana dogara sanda.

Na ja mayafina na fita ban ko sa takalmi daidai ba.

Na same shi a ƙofar masallaci. Bai shiga ba. Ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu ya ɓalle maɓallin har wuya a cikin wannan zafin, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya tsaya a rana a wajen katanga. Ga inuwar bishiya taku biyar daga inda yake, amma tana cikin harabar masallaci, bai taka ba.

Na ce masa da Turanci, "Baba, ka zo ka zauna, za ka faɗi."

"Ke ce Shiuna," ya ce. "Ya nuna min hotonki. Sunana Einar. Zan tsaya, na gode. Ɗan sandan ya ce in na iso in jira shi a nan."

Aka sallame. Maza suka fara fitowa suna neman takalmansu, sai suka yi turus. Imtiyaz ya ratso su ya zo ya tsaya gefen tsohon. Bappa ya fito kusan ƙarshe, yana lalube da ƙafa.

"Keyolu," in ji Imtiyaz, "wannan mutumin yana da magana, kuma ya ce a gaban jama'a yake so ya yi ta. Shiuna, ki fassara."

Tsohon ya gyara tsayuwa. Yana faɗa ina mayarwa da harshenmu.

"Kwalbar tawa ce. A tsibirin otal na saye ta, na sha kofi ɗaya don matata, na kasa barin sauran a kan tebur. Na saka a jakata ba wanda ya gani. Da muka kusa isowa nan sai na tuna abin da yaron nan ya karanta min, cewa ba a shigo da ita garinku. Na ji kunyar in taka ƙasarku da ita, sai na ɓoye a akwatin jirgi, da niyyar in gaya masa ya zubar. Na manta. Ni tsoho ne, kuma wawa. Na ɗauka in ban sauko da ita ba ban karya doka ba. Ban yi tunanin a kan wa za ta faɗa ba."

Wani daga baya ya ce, "Biyansa aka yi ya faɗi haka." Wani ya amsa masa, "Da me za a biya shi, da kwakwa? Rufe mana baki."

Bappa ya matso har sai da ya kusa taɓa ƙirjin tsohon, don ya ga fuskarsa.

"Tambaye shi. Yaron ya gaya masa dokar, ko bai gaya masa ba?"

Na tambaya.

"Sau uku," in ji Einar. "Ranar da na zo, da ranar da na tambaye shi ko zai samo min a ɓoye ya ce a'a, da safen da za mu tafi otal. Na ce zan ba shi ko nawa ne. Ya yi dariya ya ce in sha ruwan kwakwa."

"Tambaye shi jirginsa na sama fa?"

"Ya tashi ƙarfe goma na safe."

"Ya san abin da zai iya samunsa da ya dawo?"

"Ɗan sandan ya gaya min a waya, bai ɓoye min komai ba. Ya kuma ce yaron ya ƙi faɗin sunana." Tsohon ya matse hularsa a ƙirji. "Da na hau jirgin nan, matata ba za ta yafe min ba."

Bappa ya gyaɗa kai. Can ya juya ga mutanen da ke tsaye.

"Kun bar dattijo a rana kuna kallonsa kamar kifin da aka jawo. Ba mai kujera a garin nan?"

Nan da nan aka kawo kujera, wani ya sare kwakwa. Bappa bai jira ba. Ya kama hanyar ofishin 'yan sanda, jama'a suka bi shi a baya, ni ma na bi.

Da Imtiyaz ya fito da Naushad, hasken rana ya sa ya runtse ido. Ya ga taron, ya ga tsohon da ake tahowa da shi a hankali, sai ya dafe kai.

"Baba Einar, me ya sa ka dawo? Ka sha maganinka kuwa?"

Mutane suka yi dariya, har da waɗanda jiya suka ce katan ne.

Bappa ya tsaya a gabansa. Ban taɓa ganin mahaifina ya nemi gafarar kowa ba, ko Mamma.

"Naushad."

"Na'am, Keyolu."

"Jiya ka rantse min da Allah, na juya maka baya a gaban mutane. A gaban mutane nake cewa ka yafe min."

Naushad ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuskata, na jingina da bango, ina ta maimaita alhamdulillahi ban san adadi ba.

"Tashi," in ji Bappa. "Har yanzu ba na son sana'arka."

"Na sani, Keyolu."

"To madalla da ka sani."

An ɗauki bayanin Einar a rubuce, aka yi waya da manya a Male. Zuwa la'asar suka ce a ja masa kunne, a riƙe kwalbar, ya tafi. Bai tafi ranar ba. Mamma ta aika a kawo shi gidanmu, ta zuba masa shinkafa da romon kifi, ta matsa lemun tsami, ta tsaya a kansa sai da ya cinye. Shi ne baƙon farko da ya taɓa zama a tsakar gidan Bappa.

Kafin magariba na koma ofishin, Mamma na jirana a bakin hanya. Imtiyaz yana zaune yana rubutu.

"Na zo in yi maka godiya," na ce.

"Aikina na yi."

"Ba aikinka ba ne ka neme shi ka gaya masa gaskiya ya zaɓa da kansa. Da ka yi shiru kwana ɗaya kawai, da shi ke nan. Ba wanda zai zarge ka."

Ya ajiye biron.

"Kar ki ɗauke ni waliyyi, Shiuna. Tun kina cikin ɗakin can na buɗe littafin baƙinsa, tsoho ɗaya ne ya zo shi kaɗai, ga lambar wayarsa. Ban kira ba sai bayan la'asar. Awa biyu ina zaune da wayar a hannu. Na ce in na bari gobe ta yi, zan same ki. Har na mayar da wayar aljihu."

"Me ya sa ka fasa?"

"Na tuna yadda kika miƙa masa hannuwanki. Na ce ko na same ki, irin waccan soyayyar ba zan taɓa samu ba." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma ina jin tsoron Allah, kaɗan."

Hawaye ya sake zubo min. "Allah ya ba ka wadda ta fi ni, Imtiyaz. Da zuciya ɗaya nake faɗa. Har in mutu ba zan manta ba."

"Amin. Amma ki taimake ni da abu ɗaya. Mahaifiyata za ta yi wata guda ba ta yi min magana ba. In kun haɗu a hanya ki gaishe ta, ko ba ta amsa ba."

"Zan gaishe ta kullum."

"To je ki, Mamma na jira."

Da muka isa gida Bappa yana kujerarsa ta igiya, baƙon ya koma masauki. Ya kira ni, na zo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda nake yi ina ƙarama.

"Kawun yaron nan ya tare ni a hanya. Wai suna so su zo neman aurenki ranar Litinin."

Na sunkuyar da kai.

"Ban ce musu e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na tambaye ki. Uwarki ta gaya min abin da ya faru a ofishin jiya. Kin roƙe shi da kuka, ya ƙi, saboda baƙo. Irin wannan mutumin ba ya canzawa, Shiuna. Gobe wani ne zai kwana a gidansa, ya ba shi abincinki, ya ba shi barcinsa, ke ki zo daga baya. Ni a wurina wannan ne ya sa na yarda da shi. Amma ba ni zan zauna da shi ba. Ki yi tunani, ki ba ni amsa ranar Litinin da safe."

Na ɗago na kalle shi. Rabon da ya kalli cikin idona haka har na manta.

"Bappa, ba sai Litinin ba."

"Sai Litinin."

"Na riga na..."

"Shekara biyu na sa kuka jira, kwana uku ba za su kashe ku ba. Kuma bar min kukan nan a ƙafa, kin jiƙa min zane."

Daga kicin Mamma ta ce, "Ka bar ta ta yi, Dawud. Na yau ba irin na kullum ba ne."

Bappa ya yi tsaki, amma bai janye ƙafarsa ba. Na ji tafin hannunsa mai kaushin igiya ya sauka a kaina, ya zauna a nan har aka kira magariba.